Leda 77 da Suka Ƙi Haihuwa: Nazarin Lamarin Wata Mai Noman Naman Kaza a Garwa

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune a unguwar Hausawa ta birnin Garwa, a arewacin Kamaru. Ta haura shekara 40, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 5, sana'arta ta asali suyar ƙosai da damun kunu da safe. Ƙungiyar matan unguwa ce ta tura ta wani horo na kwana 3 kan noman naman kaza, irin wanda ke fitowa a jikin leda kamar kunnuwa a jere, wanda masana ke kira Pleurotus. Ta dawo da takarda guda da lambar wayar wani mai sayar da iri a Yawunde. Alƙaluman da ke cikin wannan rubutu daga littafin makaranta suke, wanda 'yarta ta biyu ke rubuta mata lissafi a ciki. Ni kuma ƙofar gidana tana kallon tasu, yawancin abin a kan idona ya faru.

A wurinmu naman kaza ba abin shukawa ba ne. Na daji muka sani, wanda ke ɓullowa a gindin suri idan damina ta zauna, tsofaffi su tsinto a yi miya. Sauran duk laimar kwaɗi ce, ana hana yara taɓawa. Na surin ma ba ya yarda da hannun mutum, domin gara ce ke nomansa a cikin gidanta, kuma har yau ba a iya raba shi da ita an noma shi don kasuwa ba. Shi ya sa masu sayen nata tun farko ba maƙwabta ba ne, ma'aikata ne 'yan kudu da aiki ya kawo Garwa, sai wasu gidajen abinci 2.

Garwa tana cikin kwarin kogin Binuwai, a Maris da Afrilu zafin rana yana haura digiri 40, sanyi na kirki sai Disamba da Janairu. Ita kuma 'yar manomi ce. Mahaifinta, a wani ƙauye wajen Pitowa, kowace kaka yakan ware zangarniyar dawa mafi cika, ya ɗaure ya rataye a rumbu, bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Da wannan tarbiyyar ta shiga sabuwar sana'a.

Nuwamba zuwa Fabrairu, shekara ta farko: girbin fari

Iri ya iso cikin kwalabe 12, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan mota zuwa Garwa. Ƙwayar dawa ce dafaffiya wadda wata farar saƙa ta lulluɓe, kamar yanar gizo mai kauri. Ta daka totuwar masara, ta gauraya da ɓawon angurya da 'yar dusa da farar ƙasa kaɗan, ta jiƙa, ta ɗura a leda 60, kowace kilo 2. Ta turara su a duro awa 4, suka huce, ta zuba iri, ta jera su a tsohon ɗakin girki.

Kwana 21 saƙa ta cinye ledojin suka yi fari fat. Ta tsaga su da reza, tana yayyafa ruwa sau 3 a rana. A kwana na 6 ƙananan kawuna suka ɓullo kamar kan ashana, bayan kwana 4 suka buɗe. Zuwa ƙarshen Fabrairu ta girbi kilo 26, wato kusan giram 430 a kowace leda, ta sayar sefa 2,500 kilo.

Maris zuwa Mayu: bazara

Kwalabe 12 na biyu sun iso a tsakiyar Maris, bayan sun wuni a saman mota ƙarƙashin tamfol. Guda 8 sun yi rawaya, ruwa ya taru a gindinsu, suna tsami. Saƙar wannan naman kaza tana daina tafiya idan zafi ya kai wajen digiri 35, idan ya haura 40 kuma ba ta daɗewa da rai. Guda 4 ne suka tsira.

A nan ta ƙudura cewa ba za ta sake dogara da mota ba. Ta dafa dawa, ta ɗura a kwalabe, ta turara, sannan ta riƙa ɗibar cokali guda daga kwalba mai rai tana zubawa a sabuwa. Saƙa ta kama. Ta cika leda 40 a Afrilu, suka yi fari, amma kawunan da suka fito kaɗan ne, kuma suna bushewa kafin su buɗe. Kilo 3 ta samu gaba ɗaya. Ta rufe ɗakin har ruwa ya sauka, tana raya irin daga kwalba zuwa kwalba kowane mako 3, kwalaben suna binne rabi a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa.

Yuni zuwa Agusta: iri ya gaji

A Yuni irin yana juyi na 4, zuwa ƙarshen Agusta ya kai na 7. Saƙar ta yi sirara, tafiyarta ta yi nawa, wani gefen kwalba ya yi kauri wani gefen kamar hazo. A leda 50 da ta cika, koren fumfuna ya cinye 19, sauran suka ba da kusan giram 150 kowace.

Ta sauya dawa da gero, ta sauya gero da masara. Ta daina ruwan rijiya ta koma na famfo. Ta shafe ɗakin da farar ƙasa, ta wanke ƙasa da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ta ƙara awannin turare daga 4 zuwa 6. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, aka yi addu'a aka tofa. Daga cikin waɗannan, ƙarin turare ya rage fumfuna a fili. Nauyin girbi kuwa bai dawo ba.

Satumba zuwa Nuwamba: ƙurar laima

Ta daɗe tana ganin wata farar ƙura a kan katakon da ke ƙarƙashin manyan laimomi. Da ta tambayi wanda ya horar da su a waya, ya ce ai ita ce 'ya'yan naman kazan. Sai ta yi abin da mahaifinta zai yi: ta zaɓi laima mafi faɗi da kauri, ta kife ta a kan baƙar takarda, ta rufe da kwano ta kwana. Da safe ta ƙwala mini kira ta katanga in zo in gani. Ƙurar ta zana kanta a takardar, layi-layi daga tsakiya zuwa baki, kamar wayoyin ƙafar keke.

Ta kankare rabi ta raba a kwalabe 20. Fumfuna ya ci 17. Guda 3 suka yi fari bayan wata guda, amma ba fari ɗaya ba: akwai layuka a cikin saƙar, kamar iyakokin gonaki. Ta cika leda 15 da su. Wata ta haihu a gefe ɗaya kawai, wata ta fid da masu dogon wuya, 4 ba su fid da komai ba, mafi kyau ta ba da giram 280.

Ɗaya rabin takardar ɗan ƙanenta ne ya tafi da shi. Yana karatun kimiyyar abinci a Ngaundere, shekara ta 2, kuma an koya masa yadda ake tsarkake ƙwayoyin yis da na nono: a tsarma su da ruwa sau da yawa, a shafa a farantin gilashi mai daskararren abinci, a ɗauki tsiro guda wanda ya fito shi kaɗai nesa da kowa. Haka ya yi da ƙurar. Ya ɗauki tsiro ɗaya tak, fari tas, ya raya shi, ya mayar da shi kan dawa, ya aiko da kwalabe 16 a ƙarshen Nuwamba, cikin kwali, a motar dare.

Disamba zuwa Fabrairu, shekara ta biyu: leda 80

Ta kwashi adashinta ta zuba a wannan zubin. An fid da komai daga ɗakin, an sake shafe shi, aka jera leda 77 a ciki. Guda 3 ba su samu wuri ba, aka ajiye su a zaure kusa da tsofaffin ledojin ƙura da ke ɗan fid da na ƙarshe.

Saƙar ta ɗauki kwana 35 maimakon 21, amma ko ɗigon fumfuna babu. Aka tsaga a makon farko na Janairu, tsakiyar hunturu. Ma'aunin zafi a ɗakin yana nuna 19 da asuba, 26 da la'asar, wato daidai yanayin da ya ba ta kilo 26 bara. Mako guda, shiru. Mako 2, shiru.

Ta ƙara ruwa har ƙasa ta yi caɓi. Ta buɗe taga don haske ya shiga, ta huda bango sama da ƙasa don iska ta ratsa. Ta jiƙa leda 10 a ruwan ƙanƙara suka kwana. Ta karce fuskar wasu da cokali, ta yi wa wasu sabuwar tsaga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba dabarar masu sana'ar ba ce: saƙa tana tafiya a duhu, amma kafin ta haɗa laima tana son ɗan haske, da iska mai tsabta, da saukar zafi. Ledojin dai suka zauna fari, masu ƙanshi, masu nauyi, ba ko kan ashana ɗaya.

Ɗan ƙanen ya zo ya tsaya a ɗakin, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya shinshina waccan. Ya ce, "Goggo, wallahi babu wata cuta a irin nan, da hannuna na tsarkake shi."

Ta ce, "Na yarda da kai, ɗana. To ina 'ya'yan?"

A farkon Fabrairu ledoji 3 na zaure suka haihu. Ta ɗauka zauren ne ya fi ɗakin, ta kwaso 20 ta kai can. A lokacin an riga an zubar da tsofaffin ledojin a bola, zafi kuma ya fara shigowa. Ko ɗaya daga cikin 20 ɗin ba ta haihu ba.

Ƙarshen Fabrairu: abin da madubi ya nuna

Ta shiga mota zuwa Ngaundere, tafiyar kilomita kusan 270, da ƙunshi 2 a jaka: gutsure daga ledar ɗaki, da gutsure daga ledar zaure. Wani malamin ɗan ƙanenta, wanda ya san sha'anin fumfuna da danginsa, ya tsinci silin saƙa da allura daga kowanne, ya ɗora a gilashi da ɗigon ruwa, ya sa a ƙarƙashin madubin bincike, ya ce ta leƙa da kanta.

Ta ba ni labarin abin da ta gani. Saƙar zaruruwa ce, kowane zare kamar karan dawa, da gaɓa bayan gaɓa. A na zaure, kowace gaɓa tana da wata 'yar ƙugiya a gefe da ta haɗa ɗakin sama da na ƙasa, kamar hannun buta. A na ɗaki, gaɓoɓin sumul suke. Malamin ya ce mata, "Hajiya, irinki lafiyarsa ƙalau. Tuzuru ne."

Ga bayanin, kamar yadda yake a wurin masana. Kowane ɗaki na zaren da ke haihuwa yana ɗauke da cibiyar gado 2, ɗaya daga wannan gida ɗaya daga wancan. Suna zaune tare ba su narke cikin juna ba, kuma duk lokacin da zaren ya ƙara gaɓa sai su rabu a tare, ƙugiyar nan ce hanyar da ɗaya ke bi don kowane ɗaki ya samu nasa biyun. Ba sa haɗewa sai a wuri guda, a tsage-tsagen da ke ƙarƙashin laima. A can ne cibiyoyin 2 ke zama ɗaya, gadonsu ya cakuɗe, sannan ya rabu gida 4, kowane kashi ya zama ƙwayar ƙura guda mai cibiya ɗaya. Ƙwayar ƙura ke nan rabin halitta ce. Tana tsira, tana saƙa, tana cinye leda, amma sai ta gamu da abokiyar aure kafin a ga laima. Ƙwayar dawa kuwa an riga an yi auren tun tana kan zangarniya, shi ya sa ake shuka ta ita kaɗai ta ba da hatsi.

Wata masaniya 'yar Fotugal, Mathilde Bensaude, ita ce ta nuna wannan a Faris a 1918, kuma a daidai wannan zamani Hans Kniep a Jamus ya gano shi ta nasa ɓangaren. Kniep ya kuma nuna cewa a yawancin waɗannan halittu babu namiji da mace, akwai dai wurare 2 a cikin gado da ke yanke hukuncin aure, waɗanda aka sa wa suna A da B. John Raper na jami'ar Harvard a Amurka ya shafe shekaru yana bin diddiginsu, ya tattara aikin a littafinsa na 1966. Malamin ya kwatanta mata su da tsagar fuska guda 2, ta goshi da ta kumatu. Aure ba ya ɗauruwa sai duka tsagun biyu sun bambanta. A ce ke tsara zaman cibiyoyin bibbiyu da fitar ƙugiya. B ce ke riƙe da sinadaran da zaruruwa ke gane juna da su, ita ke ba cibiyar baƙo izinin ratsa saƙa, ita ke sa bakin ƙugiya ya manne. Idan ɗaya ce kawai ta bambanta, aikin yana tsayawa a rabi. Akwai ma wani naman kaza na ɗakin bincike, Coprinopsis, wanda aka samu irinsa da A da B duka sun sauya, kuma shi kaɗai yake haihuwa ba tare da aure ba. Wannan ya tabbatar cewa makullin ƙofar yana wuraren nan 2.

Daga nan lissafin ya fito. Uwar da ta ba da ƙurar tana da cibiya A1B1 da cibiya A2B2. A nau'in da ta fara da shi, Pleurotus ostreatus, kowace cibiya tana da kuromosom 11, wato ƙullin da gado ke jere a kansu, kuma A da B ba a kan guda suke ba, don haka kowace tana rabuwa da kanta. 'Ya'yan sun kasu 4: A1B1, A2B2, A1B2, A2B1. Kowace ƙwaya, kashi ɗaya cikin 4 na 'yan uwanta ne kawai ya bambanta da ita a wurare biyun. A daji kuwa tsagun suna da yawa ƙwarai, bare kusan kullum yana dacewa. Wani ƙaramin nau'i mai fitowa a matattun itatuwa, Schizophyllum commune, an ƙiyasta yana da ire-iren aure sama da 23,000. Tsari ne da ke rage auren gida ya buɗe ƙofa ga na waje.

Da wannan sauran abubuwan suka warware. Kwalabe 3 masu layuka: dubban ƙwayoyi sun tsira tare, an ɗaura aure da yawa a kwalba guda, kowane gida da nasa gadon, kuma saƙa mai aure ba ta yarda ta haɗe da wata mai aure da ba irinta ba, sai su ja iyaka. Ledoji 3 na zaure: abin da malamin ya fi rinjayarwa shi ne ƙurar tsofaffin ledoji ta sauka a tsagarsu, wadda ta dace ta manne, cibiyarta ta bi zaruruwa ta ratsa saƙar, tuzuru ya samu aure a inda yake. Haske da iska da sanyin da ta yi ta nema, ƙofa ce ta biyu. Bayan an karanta dukkan gadon Schizophyllum a 2010, masu bincike sun cire masa wata ƙwayar gado da ke cikin masu aikin jin shuɗin haske, ana kiranta wc-2, sai ya zama kamar makaho, ya daina haihuwa ko da an haska shi. Waɗannan ƙwayoyin suna nan a ledojinta lafiya lau, amma ba a wuce ƙofar farko ba balle a iso gare su.

Gajiyar irin kwalba kuwa malamin bai ɗora ta a kan abu guda ba. Kowane juyi da cokali a buɗaɗɗen ɗaki yana shigar da ƙwayoyin cuta kaɗan, su taru. Saƙar da aka yi ta ja wata da watanni cikin zafi tana tara kurakurai a gadonta, kuma gefen da ya fi saurin cin dawa shi ake ɗiba, ko da ba shi ya fi haihuwa ba.

Maris zuwa Yuni: gwajin aure

Ɗan ƙanen bai so a bar maganar a baki ba. Sauran ƙurar takardar tana nan a bushe. Ya ware tsiro 12, kowanne daga ƙwaya guda, ya ajiye kowanne a faranti gefe da gefe da tuzurun goggonsa. Bayan kwana 12 aka duba mahaɗarsu a madubi. Guda 4 sun fid da ƙugiya, 8 babu. Lissafi ya ce 3 cikin 12, abin da aka samu bai yi nisa da shi ba.

Ya cika leda 5 da kowane ɗaya daga cikin auren 4, a can Ngaundere, inda tudu ya haura mita 1,000 kuma damina ke sauka da wuri. Duka 4 sun haihu. Na farko ya ba da kusan giram 300 a leda, na biyu 240, na uku 180 da dogayen wuya, na huɗu 90. Uwarsu ta ba da 430 a hunturun farko. Babu wanda ya kamo ta, kuma babu biyu da suka yi kama da juna, duk da cewa daga laima ɗaya suka fito.

Da ya kawo mata sakamakon, ita ce ta kawo misalin da ya fi na kowa. Ta ce ashe mangwaro ɗan aure ne: ka shuka ƙwallonsa ya ba ka wani abu dabam, idan kana son shi kansa sai ka yanki reshe.

Yuli zuwa Fabrairu, shekara ta uku: reshe maimakon ƙwallo

An sauya abu 3, kuma an sauya su kusan lokaci guda.

Na farko, nau'i. Malamin ya ba ta wani daga ajiyarsa, Pleurotus pulmonarius, wanda a kasuwa ake yawan sayar da danginsa da sunan sajor-caju. Shi yana haɗa laima a zafin da ya kusa digiri 28 zuwa 30, inda yawancin irin ostreatus ke son ƙasa da 22. Jure zafi abu ne na gado, ruwa da fifita ba sa koya wa saƙa shi.

Na biyu, yankan reshe. A ledoji 30 na gwaji da ta cika a Yuli, ta sa alama a kan wadda ta fi saurin fitowa da cika a ɗakinta na Garwa. Ɗan ƙanen ya zo da farantai. Suka goge tebur da sifirit, suka kunna fitila, ya yage laima matashiya da hannu gida 2 don kada wuƙa ta jawo dattin waje, ya ƙona bakin reza, ya ɗebo tsoka kamar ƙwayar shinkafa daga inda wuya ya haɗu da laima, ya ɗora a faranti. Kwana 3 farin gashi ya fito a jikinta. Tsokar laima zaruruwa ne masu cibiya 2, don haka abin da ya tsiro uwar ce da kanta, da aurenta da gadonta duka. A farantai 10, guda 7 sun fita da tsabta. A karo na biyu ita ta riƙe rezar.

Na uku, ƙa'idar juyi. An zuba uwar a ƙananan kwalabe 6, aka ajiye 3 a firji a Ngaundere, 3 a firjin wani maƙwabci mai wutar sola, saboda ɗaukewar wuta. Daga uwa zuwa faranti, daga faranti zuwa kwalbar farko, daga ita zuwa kwalba ta biyu, daga nan sai leda. Ba a wuce nan. Kowane zubi a koma wurin uwa, kuma a sabunta uwar duk wata 6. Ta sayi tukunyar matsi don dafa kwalabe, duro ya koma na ledoji kawai.

Daga Satumba zuwa Fabrairu ta cika leda 240 a zubi 4. Fumfuna ya ci 21. Sauran sun ba da tsakanin giram 370 da 420, kuma zubi na 4 bai gaza na farko ba. Saƙa tana cinye leda a kwana 18 zuwa 20.

Wata matsala ta biyo bayan yalwar: tari da ƙaiƙayin maƙogwaro duk safiyar da ta shiga ɗakin. Ƙurar ce, kuma sananniyar damuwa ce ga masu wannan sana'a ko'ina. A Holand har an fitar da irin da ba ya zubar da ƙura, saboda wata ƙwayar gado mai suna msh4 da ke aikin cakuɗa gado ta lalace a cikinsa. Nata maganin shi ne takunkumi, da buɗe ƙofa minti 15 kafin ta shiga, da girbi tun bakin laima bai miƙe ba. Tarin ya lafa.

A tsakiyar Maris ta rufe ɗakin. Jiƙaƙƙen yashi a ƙasa da buhunan algarara a taga sun sauke zafi zuwa 33 da rana, kuma ko sabon nau'in bai haɗa laimar kirki a haka ba.

Hukunci

A ganina matsala 3 ce ta hau kan juna, kowace da fuskar 'yar uwarta, shi ya sa aka yi shekara guda ana magani ba a nan gizo ke saƙar ba. Asarar Afrilun farko ta nau'i ce da bai dace da Garwa ba. Asarar damina ta yawan juyi ce. Asarar leda 77 ta rashin aure ce, kuma ita ta fi ciwo, domin ta faɗo a watanni 2 mafi kyau a shekara, da kuɗin adashi.

Ba na ganin laifinta a zaɓen laima mafi girma, hankalin manomi ne kuma a kan dawa daidai yake. Ba na ganin laifin yaron, ya bi ƙa'idar da aka koya masa sak, kuma a kan yis ita ce daidai. Inda nake ganin gazawa shi ne horon kwana 3 da ya koya wa mata turara duro da tsaga leda, bai ɗauki rabin awa ya gaya musu mene ne abin da ke cikin kwalbar ba. Mutumin da ke zaune kwana guda da rabi daga mai sayar da iri, a garin da mota ke dafa kaya, dole wata rana zai nemi yin nasa, kuma hanyar da za ta fara zo masa ita ce ta ƙura. Alamar ma ta bayyana da wuri, kwana 35 maimakon 21, da an san ma'anarta da an leƙa madubi da kwalba guda kafin a cika leda 80.

Abin da ya yi aiki, a jere bisa nauyinsa kamar yadda nake gani: komawa ga tsoka maimakon ƙura, sai nau'i mai jure zafi, sai taƙaita juyi. Tun da an sauya su tare, littafin lissafin ba zai raba rabon kowanne ba, amma gwajin aure ya nuna na farko shi kaɗai, Afrilun farko ya nuna na biyu, damina ta nuna na uku. Dogaro da ɗakin bincike bai ƙare ba: garin da ake daskarar da abincin faranti da shi daga Ngaundere yake zuwa, kuma rabin uwar yana can. Watanni 2 da rabi na bazara har yanzu babu girbi, a cikinsu ƙosai ne ke riƙe gidan. Mata 4 daga ƙungiyar yanzu a wurinta suke sayen iri, kuma kowace kwalba tana fita da kwanan wata da lambar juyi a jikin murfi.